Amsa: Tsara jerin magunguna a manhajar asibiti

Malam, ka tambayi yadda za ka shirya jerin magunguna a manhajar rubuta magani ta asibitinku na Sabon Gari. Fara da abin da ke ma'ajiyarku, ka gwada shi da jerin muhimman magunguna na ƙasa.

Rubuta sunan asali, ba na kamfani ba. Coartem da Lonart duk artemether-lumefantrine ne, maganin zazzaɓin cizon sauro, amma mai ƙarfin miligiram 20/120 da mai 80/480 kowanne layinsa daban, kada a wayi gari an ba yaro na babba. Haka ƙwaya, ruwa da allura. Tramadol kam a kulle shi a manhajar, sai likita ne zai iya rubuta shi.

Kafin ku fara aiki da jerin, mai harhaɗa magunguna ya bi shi layi-layi, ya duba lambar NAFDAC.