Amsa ga mai neman igiyar ruwan Hokusai a Tokyo

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka ce kwas ɗin sati biyu zai kai ka Tokyo, hutun rana ɗaya kacal gare ka, kuma burinka ka ga ainihin hoton igiyar ruwan nan na Hokusai, shahararren mai zanen nan na Japan. To, ga abin da ya same ni.

Da wannan buri na yi sammako zuwa Ueno, inda babban gidan tarihin ƙasa na Tokyo yake, wanda aka kafa tun 1872. Na zaga babban gininsa, Honkan, sama da ƙasa. Takubba na gan su, sulken samurai na gan shi, akwatunan da aka yi wa ado da garin zinariya har sai da ido ya gaji, amma igiyar ruwa ko alamarta. Laifina ne, ban duba jadawalinsu a intanet ba. A kan takarda aka buga hoton, haske kuwa yana cin launi, shi ya sa makonni kaɗan ake baje irinsa a mayar da shi ma'ajiya. Kayan gidan sun kai kusan 120,000, 'yan dubbai ne kawai ke waje a lokaci guda.

Kuma ka cire maganar "ainihi" daga ranka. Wajen 1831 aka fara buga shi, dubbai aka buga ana sayarwa da araha. Hokusai zane ya yi, masassaƙi ya sassaƙa shi a alluna, kusan kowane launi da allonsa, mai bugu kuma ya riƙa murza takarda a kai da hannu. Akwai guda a British Museum a Landan, akwai a gidan tarihin Met a New York. Kai, idan ka karɓi canjin sabuwar takardar yen 1,000 ta 2024, juya bayanta, yana nan.

Da ni ne kai, Ueno da safe, da la'asar kuma in hau jirgin layin Inokashira in sauka a Komaba, in shiga Mingeikan, gidan tarihin kayan sana'ar hannu na gargajiya. Ƙaramin gida ne da Yanagi Soetsu ya buɗe a 1936 tare da abokansa maginan tukwane irin su Hamada Shoji. Ra'ayinsu shi ne kwanon miya, tabarma da rigar manomi, waɗanda ba a ma san wanda ya yi su ba, sun cancanci a kalle su kamar kayan fada. Bayanin da suke liƙawa jikin kaya ɗan mitsitsi ne, da gangan, wai ka fara kallo kafin ka fara karatu. Da farko abin ya ba ni haushi, daga baya na gane gaskiyarsu.

A nan ne na daɗe gaban yadudduka masu rinin shuɗi, aizome suke ce masa. Ni da na tashi ina wucewa ta marinar Ƙofar Mata, sai na ji kamar na gamu da ɗan garinmu a baƙon wuri. Ganyensu ba irin baban rininmu ba ne, wani tsiro ne da aka fi nomawa a Tokushima, ana ruɓar da shi watanni ya zama abin da suke kira sukumo. Amma ruwan toka ne dai, jiran rini ya nuna ne dai, kuma zane yana fitowa kore-kore sai iska ta buge shi ya koma shuɗi. Ɗaurin da marinanmu ke yi kafin tsomawa su ma suna yi, shibori ke nan, kuma unguwar Arimatsu da ke birnin Nagoya ta yi suna a kansa. Na fito ina tambayar kaina turkudi nawa muka adana a gilashi, amma wannan zancen wata rana ne.

Duka gidajen biyu a rufe suke ranar Litinin, Mingeikan kuma takan rufe kwanaki idan ana sauya kaya, don haka ka duba kafin ka fita. Ɗaukar hoto a Mingeikan ba ko'ina aka yarda ba. Sannan a bakin ƙofa za ka cire takalmi a ba ka silifas, ka tabbata safarka ba ta huje ba. Tawa ta huje.