Sabon direban tirela da kwana a kan mota: makara, janaba da salla a kujera

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ban daɗe da karɓar sitiyari ba, ina jan tirela tsakanin Kano da Legas. Maigidana ya hana a bar mota da lodi, shi ya sa a cikinta nake kwana, wani lokaci a Tafa, wani lokaci a Ogere. Jikina bai saba ba, barci ba ya zuwa sai goshin asuba, in farka rana ta fito. Wani sa'in kuma in tashi da janaba, ruwan jarka bai wuce na sha da alwala ba. Yaya zan yi da sallata? Kuma ya halatta in yi ta a zaune a kujera?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya sa wa sana'ar albarka, ya kiyaye hanya.

Mu fara da makara. Imam Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa a hanyar dawowa daga Khaibara, shekara ta 7 bayan Hijira, Manzon Allah (SAW) ya yi tafiyar dare har gajiya ta kama su, ya yada zango, ya ɗora wa Bilal tsaron alfijir. Bilal ya yi nafila gwargwadon iko, da asuba ta matso ya jingina da abin hawansa, barci ya sace shi. Ba wanda ya farka sai da rana ta dake su. Suka matsa gaba kaɗan, aka yi alwala, aka tada iƙama, aka yi Asuba. Saboda haka wanda barci ya rinjaya ba shi da zunubi, da ya farka sai ya sallata nan take, kada ya ce sai ya isa gari na gaba.

Amma lura da kyau, Annabi bai kwanta ba sai da ya sa mai tashinsu. Kai ma sai ka yi tanadi kafin ka miƙe ƙafa: ka saita ƙararrawar waya, ka ajiye ta inda sai ka tashi za ka kashe ta, ka yi alkawari da yaron motarka ko maƙwabcinka a gareji, ka faka kusa da masallaci in da hali. Wanda ya raba dare a teburin mai shayi yana hira, ya kwanta ba shiri, wannan hadisi ba hujjarsa ba ce.

Janabar mafarki ba laifi ba ce. Ka fara neman ruwa. Manyan garejoji ba sa rasa gidan wanka ko ɗan ga-ruwa, kuma a mazhabar Malikiyya sayen ruwa a farashin da aka saba wajibi ne ga mai hali. In babu, ko zuwa nemansa zai jefa ka ko kayan da aka ba ka amana cikin haɗari, ko lokaci zai fita, sai ka yi taimama kamar yadda aya ta 6 ta Suratul Ma'ida ta ba da izini. Ruwan shanka ka bar shi. Da ƙasa ake yi ko yashi ko dutse, ban da ƙurar da ta kwanta a kujera, don haka ka ajiye ɗan dutse mai tsarki a mota. Kowace farilla da taimamarta, kuma da ka samu ruwa sai wanka. Ka riƙa ajiye wando na daban, domin maniyyi najasa ne a wurin Malikiyya.

Farilla a kujera kuwa ba ta inganta ga mai lafiya, tsayuwa da fuskantar alƙibla sharaɗi ne. Ka sauko ka shimfiɗa dadduma a gefen mota. Sai fa inda kake tsoron 'yan fashi ko masu garkuwa in ka sauka, nan ka yi ta a ciki da nuni.

Sauƙin da aka yi maka yana cikin ƙasaru. Nisanta mil 48 ne, kusan kilomita 80, tafiyarka kuwa ta kusa kilomita 1,000. Azahar da La'asar da Isha raka'a bibbiyu, ko da kullum kana kan hanya. In kana layin lodi a Apapa ba ka san ranar tashi ba, ci gaba da ƙasaru. In ka yi niyyar kwana 4 cikakku, ko ka san a al'ada za ka kai haka, sai ka cika.

Saura abin da ba ka tambaya ba, wanda a ganina ya fi duka nauyi. Mutumin da bai runtsa ba sai asuba, in ya hau titi da tirela yana gyangyaɗi, rayukan mutane yake wasa da su, kuma haramun ne. Korar barci da tiramadol ma haramun ne, ko da tsofaffin hannu sun ce haka suka saba. Ka yi Asuba, ka koma ka rama barcinka, ka gaya wa maigidanka gaskiya. In za ka tsaya kuma ka sauka daga kan kwalta gaba ɗaya, domin a Sahihu Muslim Annabi (SAW) ya umarci masu yada zangon dare su nisanci hanya.

Wallahu a'alam.