Hukuncin Yi Wa Mai Sankarar Jini Magani Da Arsenik

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ƙanena ya kamu da sankarar jini da likitoci ke kira APL. Sun ce matsalar daga wata ƙwayar gado ce mai suna RARA, za a riƙa ɗura masa arsenik ta jijiya, idan ciwon ya dawo kuma a yi masa dashen ɓargo. Mahaifinmu ya ƙi, ya ce arsenik guba ce, shan guba kuwa kisan kai ne. Mene ne hukuncinsa?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya ba ɗan'uwanka lafiya. Tsoron mahaifinku yana da madogara, domin Tirmizi ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah (SAW) ya hana yin magani da abu mummuna, aka kuma fassara shi da guba. Sai dai ba a yanke wa abu hukunci kafin a san yadda yake.

Jini yana tsirowa ne daga uwayen ƙwayoyi da ke cikin ɓargo. Suna haifar ƙananan ƙwayoyi, su kuma su nuna mataki-mataki har su zama fararen ƙwayoyin da ke yaƙi da cuta. RARA tana kan kuromosom na 17, wato ɗaya daga cikin zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado a cikin ƙwaya. Furotin ɗin da take samarwa yana zaune a cibiyar ƙwaya yana jiran wani sinadari da jiki ke sarrafawa daga bitamin A. Da ya iso, sai a buɗe wa ƙwayar hanyar nuna. A ciwon APL, kuromosom na 15 da na 17 suna karyewa su yi musayar gutsure, RARA ta manne da wata ƙwayar gado mai suna PML. Furotin ɗin da ke fitowa daga wannan haɗi ba ya jin saƙo, sai ƙwayoyin su tsaya ɗanye, su cika ɓargo, su rikita daskarewar jini. Abin da ya fi kashe majinyaci a makonnin farko shi ne zubar jini, musamman a ƙwaƙwalwa.

Magani biyu ake haɗawa. ATRA, wato maganin da ke ɗauke da wancan sinadari na bitamin A, wanda likitocin Shanghai suka bayyana nasararsa a 1988, ana shan miligiram 45 a kowace murabba'in mita ta faɗin jiki, kashi biyu a rana, yana tilasta wa ƙwayoyin su nuna. Arsenik, da aka fara gwadawa a Harbin ta ƙasar Sin, ana ɗura miligiram 0.15 a kowane kilo na nauyi. Mai kilo 60 ke nan miligiram 9 a rana. Arsenik ɗin ne ke kama ɓangaren PML ya sa a rushe gurɓataccen furotin, har a ƙwayoyin da ciwon ke sake tohowa daga gare su. A gwajin Italiya da Jamus da aka wallafa a 2013, kashi 97 cikin 100 na waɗanda aka haɗa wa magungunan biyu sun cika shekara 2 ba tare da ciwon ya dawo ba. Majinyatan gwajin su ne waɗanda fararen ƙwayoyinsu ba su wuce 10,000 a kowace mikrolita ta jini ba.

Ibn Ƙudama ya yi bayani a Al-Mugni cewa maganin da ke da guba, idan halaka ce ta fi rinjaye ba a sha, idan kuwa kuɓuta ce ta rinjaya kuma ana fatan amfani, halascin shi ne ya fi. Hadisin ana ɗaukarsa a kan abin da cutarwarsa ta rinjaya. A nan halakar tana wajen barin magani. Don haka ya halatta, kuma a ganina ƙin karɓa bayan an samu iko shi ya fi kusa da abin da ayar Suratun Nisa'i ta hana na kashe kai.

Halascin yana tare da sharaɗi: a asibiti, a hannun likitan jini, bayan gwaji ya tabbatar da haɗin PML da RARA. Arsenik na iya rikita bugun zuciya, shi ya sa ake yawan yin gwajin zuciya, ana kuma riƙe sinadarin fotashiyam na cikin jini sama da 4 a ma'aunin gwajin jini. Zazzaɓi, kumburi ko sarƙewar numfashi alama ce ta ƙwayoyin sun nuna a lokaci guda sun cika huhu. A faɗa wa likita nan take, ana ba da maganin rage kumburi mai suna dekisametason, miligiram 10 sau biyu a rana. Wanda ya auna wa majinyaci arsenik a gida, ko ya saya a hannun mai tallar magani, ya aikata haram, kuma alhakin abin da ya biyo baya yana wuyansa. Idan majinyacin yana da aure, shi da matarsa su guji ɗaukar ciki har wa'adin da likita ya ɗiba, don magungunan biyu suna illata ɗan tayi. Azumi kuwa ya sha, ya rama in ya warke.

Dashen ɓargo ba a kai wa gare shi sai ciwon ya dawo, galibi kuma da ƙwayoyin majinyacin kansa ake yi. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, a zamanta na 17 a Makka a 2003, ta halatta ɗibar uwayen ƙwayoyi daga baligi da yardarsa in ba zai cutu ba, da kuma daga mabiyiya da igiyar cibiya da izinin iyaye. Ta haramta na ɗan tayin da aka zubar da gangan ba da uzurin Shari'a ba.

Ka zauna da mahaifinku cikin ladabi, ka roƙi likitan ya yi masa bayani da bakinsa, yau ba gobe ba. Ka kuma sanar da shi cewa idan ƙanenka baligi ne mai hankali, izinin magani nasa ne. Wallahu a'alam.