Takobin Turai a hoto: a biya ko a dakata?

Wani ɗan kasuwa mai sayar da kayan gargajiya a kasuwar Kurmi ta Kano ya rubuto cewa dillali ya turo masa hotunan takubba uku ta WhatsApp. Dillalin ya ce ruwansu, wato ƙarfen mai kaifi, ƙirar Turai ce ta dauri, kuma yana son a biya kuɗin duka kafin ya ɗoro su a mota. Tambayarsa ita ce ko hoto ya isa a yanke farashi.

Alhaji, hoto yana iya nuna maka abin da ba za ka saya ba, amma ba ya gaya maka nawa za ka biya.

Maganar dillalin ba tatsuniya ba ce. Garin Solingen na Jamus ya daɗe yana ƙera ruwan takobi yana fitarwa, wasu kuma sun ƙetaro Sahara, maƙeran Agadas da na ƙasar Hausa suka sa musu ƙota, dukawa suka yi musu kube. Shi ya sa ƙota ba ta faɗa maka shekarun ruwa. Sau da yawa ruwan ya girmi ƙotarsa nesa ba kusa ba.

Inda ake tafka asara shi ne wajen tambari. Za ka ga jinjirin wata biyu masu fuskar mutum, ko kyarkeci a guje, wanda asalinsa alamar maƙeran garin Passau na Jamus ce kafin na Solingen su kwaikwaya. To, namu maƙeran ma sun kwaikwaya, don mai saye yana son ganinsa. Ka sa a ɗauko maka tambarin dab da dab, a hasken rana, ba da fitilar waya ba. Wanda aka buga da hatimi yakan nutse daidai, gefensa ya side tare da sauran ƙarfen. Wanda aka sassaƙa daga baya layinsa na rawa, cikinsa kuma fes, alhali kewayensa duk tsatsa. Sunan Andrea Ferara, wani shahararren maƙerin takobi na Italiya, ma kada ya ruɗe ka: yawancin ruwan da ke ɗauke da shi a Jamus aka yi su.

Takubban soja sun fi sauƙin tantancewa. Na Faransa da aka ƙera a Klingenthal ko Châtellerault sukan zo da sunan masana'anta da wata da shekara a rubuce a gadon bayan ruwan. Kamfanin Wilkinson na Ingila ya soma sa lamba a nan wurin tun 1844. Sai dai irin waɗannan ma ana yin jabunsu, musamman takobin sojojin doki na Ingila samfurin 1796, wanda ake ƙera sababbinsa a Indiya har gobe.

Don haka ka nemi hoton takobin gaba ɗaya ta fuska biyu da tef a gefensa, da hoton gadon baya, da na tsini, da inda ruwa ya shiga ƙota. A ɗora shi a sikeli kuma. Takobin hannu ɗaya na gaske yakan tsaya kusa da kilo ɗaya, ruwan yana sirancewa daga gindi zuwa tsini. Na jabu kauri ɗaya ne, ya yi wa hannu nauyi kamar taɓarya.

Batun kuɗi: ka ba da kafin alƙalami kaɗan, wanda ko ya salwanta ba zai taɓa maka uwar kuɗi ba, da sharaɗi a rubuce cewa in kaya suka saɓa wa hoto za a mayar. Ka taya su a farashin ƙirar gida. In daga baya ya tabbata ruwan na Turai ne, ribarka ke nan.

Ka kuma gargaɗi dillalin kada ya goge su da sanfefa don su yi sheƙi. Na taɓa ganin takobin da aka kankare har tambarin ya ɓace, mai saye ya juya ya tafi ko tayawa bai yi ba. In kuma waje kake shirin kaiwa, ka fara zuwa hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, don fitar da kayan tarihi daga Najeriya sai da izininta.