Ina ƙarin da aka rubuta a bayan kwalin?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi faifan DVD na wani tsohon fim ɗin Yaƙin Duniya na Biyu a kasuwar gwanjo nan Jidda. A bayan kwalin an ce akwai sharhin darakta, da wuraren da aka yanke, da yadda aka ɗauki fagen daga. Fim yana yi lafiya lau, amma sauran ko alamarsu. Laifin na'urata ne ko na faifan?
Daga mai karatu a Jidda.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, tunda fim ya kama, ka wanke na'urarka daga zargi. Da lambar yanki ce matsalar, wato lambar da ke kulle faifai ga na'urorin wasu ƙasashe kaɗai, faifan ba zai buɗe ba sam. Saudiyya tana lamba 2 tare da Turai da Masar, Amurka 1, Sudan da Najeriya kuwa 5, shi ya sa tsarabar faifai daga nan kan ƙi yi a Kano.

Fara da mai sauƙi. Sharhin darakta ba bidiyo ba ne daban, murya ce da aka shimfiɗa a kan fim ɗin. Yana cikin tafiya, danna Audio a rimot sau biyu ko uku. In ka ji mutum yana magana, ƙarar bindiga ta koma ƙasa-ƙasa, to ka same shi.

In shiru, duba gaban kwalin. Sau da yawa irin waɗannan finafinan faifai biyu ne, ƙarin duk yana na biyu, kuma a gwanjo shi ne ke fara ɓata.

Zargina ya fi ƙarfi a kan kwafi. Fim mai kusan awa uku haɗe da ƙari sai faifai mai hawa biyu, mai cin gigabait 8.5. Masu kwafa sukan matse shi cikin mai hawa ɗaya, gigabait 4.7, abin da suke fara zubarwa kuwa ƙarin ne, su bar kwalin da alƙawarinsa. Juya faifan ka duba cikinsa: na kamfani fari ne kamar azurfa, wanda aka ƙona da kwamfuta yakan yi ruwan shuni. Sa shi a kwamfuta ma. In girmansa bai wuce gigabait 4.4 ba (haka kwamfuta ke nuna 4.7 ɗin), kuma hoton hayaƙi da fashewar bam yana rarrabewa gida-gida, an matse shi, babu gyara.

In za ka sake saye, sa mai shago ya buɗe maka shafin ƙarin a gabanka kafin ka biya. Kada ka sa rai da fassarar Larabci a can, galibi fim ɗin kaɗai ake yi wa.