Amsa: Ko fatalwa ce a gidan da muka tare?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce tun da kuka tare kuke jin takun sawu da tsakar dare, iyali na tashi da ciwon kai, kai kuma wani abu na danne ka a barci.

Kafin mu kai ga fatalwa, a ina kuke kunna janareta? Kuma da sanyin nan, kuna shigar da kaskon gawayi ɗaki ku rufe ƙofa? A 1921 wani likitan ido a Amurka, William Wilmer, ya wallafa labarin wasu iyali da suka yi ta jin takun sawu, har suna ganin mutane a gindin gado. Da aka bincika, ashe murhun ɗumama gidan ne ke fitar da iskar guba marar wari, marar launi. Ana gyara shi, baƙin suka yi ɓatan dabo. Irin iskar ce a hayaƙin janareta da garwashi, kuma tana kisa.

Dannau kuwa daban ne. Lokacin mafarki jiki kan sake gaba ɗaya, wani sa'in ƙwaƙwalwa ta riga shi farkawa. Ni ma ya sha kama ni lokacin jarrabawa, musamman in na kwanta rigingine.

Dodo ma ai da aikinsa. Kakata ta zaunar da nata a rijiyar gidanmu marar murfi, babu yaron da ya taɓa leƙawa.

Ka riƙe addu'ar kwanciya, amma yau a fitar da janareta nesa da taga. In ciwon kan ya dawo, ku tafi asibiti.