Tambayoyin Masu Karatu: Zaɓen Najeriya, ina ruwan mutumin Maraɗi?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Baba. Ni ɗan kasuwa ne, aya da riɗi nake saye a ƙauyukan Agiye da Gazawa, in kai Jibiya, wani lokaci har Dawanau a Kano. Tun da aka fara kaɗa gangar zaɓen 2027 a Najeriya, kunnena bai rabu da rediyo ba. Yayana kullum faɗa yake mini, wai ina ɓata lokaci a kan abin da ba ni da ƙuri'a a ciki, ga shi ma ƙasarmu Nijar ta fita daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma. Ni kuwa gani nake idan Allah ya ba ɗan Arewa mulki, ɗan'uwanmu wanda ya san mu, to iyaka za ta zauna lafiya. Tsakanina da shi wa ke da gaskiya?

Mai karatu, unguwar Zariya, Maraɗi

AMSA

Wa alaikumus salam ɗana. Ka gaida mini yayanka da kyau, ka ce masa a wannan magana ban bi bayansa ba. Amma kai ma kada ka yi saurin murna, domin rabin zancenka kaɗai na ɗauka.

Ka tambayi yayanka ko ya tuna ranar 29 ga watan Mayu na 2023. Ran nan aka rantsar da Bola Tinubu a Abuja, ya faɗa cikin jawabinsa cewa tallafin man fetur ya ƙare. Cikin ƴan kwanaki litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haye 500 a Katsina da Kano. Akwai yaron da nake shan mai wurinsa a bakin hanya, ɗan ruwa-ruwa, mai tebur cike da kwalabe. Cikin makon nan na tsaya gabansa, na tarar da kwalabe kaɗan ne ke da mai, sauran ya kife su. Yana zuba mini da mazurari, hannunsa a hankali kamar mai auna magani, bai yarda ɗigo ɗaya ya faɗi ƙasa ba, sannan ya faɗi kuɗi yana sunkuyar da kai. Ɗan kabu-kabun da ke bayana ya ji farashi, ya juya babur ɗinsa ya tura da ƙafa. Babu ɗaya daga cikin yaran nan biyu da ya jefa ƙuri'a a zaɓen Najeriya na ranar 25 ga Fabrairu, amma sakamakon ya iske su har bakin tebur.

Kai da kake kai kaya Dawanau ka fi ni sanin abin da ya biyo baya. Da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, ta yi ta gangarowa har jika guda ta sefa ta wuce naira dubu biyu a 2024. Mai zuwa Kano sayo kaya ya ji daɗi, mai kai aya ko rago can ya dawo ya canza kuɗi ya ga kamar aljihunsa ya huje.

Babbar kuma ita ce ta daminar 2023. Ranar 9 ga Yuli aka ba sabon shugaban Najeriya jagorancin CEDEAO, ranar 26 sojoji suka karɓi mulki a Yamai, ranar 30 aka ƙaƙaba mana takunkumi. Aka rufe iyaka, aka yanke wutar da NIGELEC, kamfanin lantarkinmu, ke saye daga Najeriya, wadda ita ce kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da ƙasar ke sha, aka kuma ba da wa'adin mako guda da barazanar yaƙi. Maraɗi da Katsina tafiyar da ba ta kai kilomita ɗari ba ce. Da an harba bindiga ɗaya, ba Abuja ko Yamai za su fara jin ƙararta ba, Ɗan Isa da Jibiya ne. Sai 24 ga Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin, Najeriya ta buɗe nata ɓangaren iyakar a watan Maris. Wanda ya rayu cikin watannin nan a garin nan, ya ga magani ya yi wuya, ya ga shinkafa ta gagari talaka, ba zai ce zaɓen maƙwabci ba ruwansa ba.

Yanzu ga inda na rabu da kai. Wannan zance na "ɗan'uwanmu ya hau", mun taɓa gwada shi. Marigayi Muhammadu Buhari mutumin Daura ne, bakin iyaka, kuma ba a taɓa yin shugaban Najeriya da mutanen nan suka so kamarsa ba. A watan Janairun 2019 gwamnan Maraɗi da na Damagaram har Kano suka je taron neman ƙuri'arsa, abin ya zama surutu a jaridun Najeriya. Ya ci zaɓe. A watan Agustan wannan shekarar ya rufe iyakokin ƙasa saboda fasa-ƙwaurin shinkafa, bai buɗe ba sai Disamban 2020. Alhazan garin nan da dukiyarsu ta dogara da kayan taransi ba su manta ba, balle ƴan dako da direbobi. Kuma shi ɗin dai ne ya ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi a Fabrairun 2021, mai tsawon kilomita kusan 284, yana shan suka daga ƴan ƙasarsa a kai. Mutum ɗaya, ya ba mu da dama ya karɓe da hagu, domin duk wanda ya zauna kujerar nan lissafin Najeriya yake yi kafin ya tuna da dangi. Ban ga laifinsa ba a nan, aikin da aka zaɓe shi ya yi ke nan. Laifin namu ne idan muka ɗora begenmu a kan yaren mutum ko hularsa.

Ka duba kuma abin da ya tare yaƙi a 2023. Sanatocin Arewa suka fito fili suka ce ba su yarda ba, Majalisar Dattawan Najeriya ta ƙi goyon bayan amfani da ƙarfi tun farkon Agusta. Janar Abdulsalami Abubakar da Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar suka yi ta zirga-zirga zuwa Yamai. Muhammadu Sanusi na biyu ya je ya gana da Janar Tiani, jagoran sojojin da suka karɓi mulki, tawagar malamai ƙarƙashin Shaikh Bala Lau ta bi baya. Jahohin Najeriya bakwai ne ke iyaka da mu, daga Kabbi har Barno, kuma mutanensu sun san cewa wanda za a harba suruki ne ko ɗan ƙanwa. Mu nan ma sarautarmu ta Katsina ce, daga can kakanninmu suka taso bayan jihadi. Wannan zumunci ya yi aiki, amma ta bakin ƴan majalisa da sarakuna da malamai ya bi kafin ya isa fadar shugaban ƙasa.

Saboda haka idan za ka saurari zaɓen nan, kada hankalinka ya tsaya kan kujera ɗaya. Ka san wanda ke neman gwamnan Katsina, da na Zamfara, da na Sakkwato, ka ji me kowannensu ke faɗa kan ƴan bindiga da kan kasuwannin iyaka. Ka san sanatocin da za su wakilci Jibiya da Sabon Birni da Illela. A watan Satumban 2019 gwamnonin waɗannan jahohi uku sun zo nan Maraɗi sun zauna da namu a kan tsaro, kuma irin wannan zama ya fi kusa da gonar mutumin Madarunfa fiye da duk taron ƙolin da za a yi a babban otal.

Sannan ka sa ido kan wanda ya faɗi zaɓe, ni a wurina ya fi wanda ya ci muhimmanci. A 2011 rikicin bayan zaɓe ya ci rayuka sama da 800 a Arewacin Najeriya cikin kwana uku. A 2015 Goodluck Jonathan ya ɗauki waya ya taya Buhari murna tun ba a gama sanar da sakamako ba, kowa ya koma gidansa ya kwana. Najeriya idan ta rikice a cikin gida, sojojinta birane ake kaiwa, daji ya zama na mai bindiga, kuma dajin nan bai san inda tutar wata ƙasa ta ƙare ba.

Batun fita daga CEDEAO gaskiya ne, ya tabbata tun 29 ga Janairun 2025, muna cikin AES, ƙawancen ƙasashen Sahel, tare da Mali da Burkina Faso. Amma iyakar kilomita kusan 1,500 tana nan inda take. Gulbin Maraɗi har gobe daga ƙasar Katsina yake fitowa, ya bi ta madatsar Jibiya, ya ratsa mu, ya koma Najeriya ta wajen Sakkwato. Hukumar haɗin gwiwa ta ƙasashen biyu, wadda aka kafa tun 1971, ba ta mutu ba, shi ya sa bayan duk zarge-zargen da aka yi ta jifan juna da su, ministan harkokin wajen Najeriya Yusuf Tuggar ya zo Yamai a Afrilun 2025 aka zauna. Yanzu da babu inuwar CEDEAO a tsakani, halin wanda ke mulki a Abuja ya ƙara nauyi a kanmu, bai ragu ba. Ka ci gaba da sauraren rediyonka, ka kuma riƙa ba yayanka labari in kun zauna cin tuwo.

TAMBAYA

Malam, ina gaisuwa. Shekaru ke nan muna zaune da baƙi ƴan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara. Akwai wata baiwar Allah da ta zama kamar ƙanwata, kullum cewa take bayan zaɓe za su koma gida. In ƙarfafa mata gwiwa ko in yi shiru?

Wata uwa, Gidan Runji

AMSA

Hajiya, Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki ladan maƙwabtaka. Abin da mutanen Gidan Runji da Cadakori suka yi tun 2019, suka raba rumbu da rijiya da mutanen da ba su taɓa gani ba, ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba a faɗarsa yadda ya kamata.

Kada ki kashe mata zuciya, amma kada ki ɗaura mata ranar komawa da ranar zaɓe. Tun zuwansu an yi zaɓen 2023, ga su nan har yau. Abin da ya kore su bai jira akwatin ƙuri'a ba. A Zamfara gwamna Bello Matawalle ya fara da sulhu a 2019, a Satumban 2021 aka koma rufe layukan waya da kasuwanni, Dauda Lawal ya zo a 2023 ya ce shi ba ya zama da ƴan bindiga. A Katsina an kafa rundunar tsaron al'umma, daga baya kuma wasu garuruwa, har da Jibiya, suka yi nasu sulhun a 2025. Kowace jaha da tata hanya, kuma wannan shi ne ciwon: idan aka matsa nan aka sassauta can, ɓarayin sai su ɗauki baburansu su koma inda ya yi laushi, wani lokaci su tsallako mana ta dajin Baban Rafi. Zaɓe zai amfane ta ne idan ya kawo gwamnonin da za su yi magana da murya ɗaya, su kuma yi ta da hukumominmu na wannan gefe.

Ga abin da za ku riƙa tambayar masu zuwa daga garinsu. Shin manoma sun shuka sun girbe ba tare da sun biya ƴan bindiga kuɗin shiga gona ba? Kasuwar garin tana ci har la'asar? Mai gari yana kwana a gidansa, ko a birni yake kwana? Malaman makaranta da na asibiti sun dawo? Idan amsa ta zama e, damina biyu a jere, to namiji ɗaya ya fara zuwa ya duba kafin a kwashi yara.

Ki kuma gaya mata kada kowa nasu ya kama hanya a makon zaɓen kansa. Najeriya ta saba rufe iyakokinta na ƙasa ranar jefa ƙuri'a, ta yi hakan a Fabrairun 2023, jami'an tsaro kuma ana kwashe su zuwa rumfunan zaɓe. Takardar rajistarta ta ƴan gudun hijira ta adana ta da kyau, kada ta mayar ko ta yar don jin an ce an yi sabuwar gwamnati, yaran kuma su ci gaba da zuwa lakwal a nan har ranar da tafiyar ta tabbata.